Kyauta, rance ko hannun jari: wane kuɗin gwamnati ya dace da sabon kamfanin fasaha?

Ɗan ƙanwata ya same ni a gida bayan sallar isha'i, yana rungume da kwamfutarsa. Shi da abokansa biyu sun shafe wata 8 suna gina wata manhajar waya da ke taimaka wa ɗan kasuwa ya rubuta kayan da suka shigo, waɗanda suka fita, da bashin da yake bin mutane. 'Yan kasuwa 40 a Kantin Kwari da Singa suna amfani da ita, amma 6 ne kawai ke biya. Kuɗin aljihunsu ya ƙare. Ya buɗe mini shafuka uku: gasar tallafi, rance mai sauƙin ruwa, da fom ɗin wasu masu zuba jari da gwamnati ta sa kuɗi a asusunsu. Ya ce, "Kawu, ai duk kuɗin gwamnati ne. Wanne ya fi saurin fitowa?"

Na ce masa ba a nan gizo ke saƙar ba. Kuɗin nan uku sunansu ɗaya a bakin mutane, wato tallafi, amma kowanne da abin da yake karɓa a hannunka. Na farko lokacinka yake ci. Na biyu yana bin ka da biya ko ka sayar ko ba ka sayar ba. Na uku kuma ya shigo maka da abokin tarayya cikin kamfanin da kai ka kafa, kuma ba ya fita sai ranar da aka saye shi. Wanda ya zaɓa bisa saurin fitowa yakan gane bambancin ne bayan ya riga ya sa hannu.

Kafin ma a kai ga zaɓi, akwai ƙofar da kusan duk ukun suke bi. A watan Oktoban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar sababbin kamfanonin fasaha, lokacin Farfesa Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa. Dokar ta tanadi wata takardar shaida da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, wato NITDA, ke bayarwa, kuma sharuɗɗanta a fili suke: kamfanin ya zama mai cikakkiyar rajista a CAC, ba rajistar sunan kasuwanci kawai ba, kada ya wuce shekara 10 da kafuwa, aikinsa ya zama na ƙirƙirar fasaha, sannan aƙalla kashi ɗaya cikin uku na hannun jarinsa ya kasance na 'yan Najeriyar da suka kafa shi. An buɗe shafin neman shaidar a watan Nuwamban 2023. Yaranmu da yawa a nan suke faɗuwa tun ba a fara ba, domin rajistar suna ce a hannunsu, mai araha, kuma kuɗin kamfani da na cefane duk a asusu ɗaya suke kwana.

Dokar ta kuma tanadi asusun jarin farawa wanda hukumar zuba jarin ƙasa, wato NSIA, za ta riƙe, ana zuba masa abin da bai gaza naira biliyan 10 ba duk shekara. Amma abin da aka rubuta a doka daban, abin da ya shiga asusu daban. An daɗe masu kamfanoni suna tambayar ina wannan kuɗi, kuma a 2025 ne shugaban NITDA, Kashifu Inuwa, ya yi maganar wani asusu na dala miliyan 40 da za a haɗa da hukumar JICA ta Japan. Na kawo wannan ne don mai lissafi ya sani: kuɗin gwamnati yana tafiya da kasafi, da sakin kuɗi, da sauyin masu mulki. Kamfanin da ya rage masa abin da zai kai shi wata 3 ba zai iya jingina rayuwarsa da shi ba.

Kyauta ita ce kowa ke so, kuma da dalili. Ba biya, ba ruwa, ba wanda zai karɓi kaso a kamfaninka. Ga mai gudun riba, babu wata shubuha a cikinta. Akwai ma hujjar cewa tana aiki, kuma a ƙasar nan aka samo hujjar. A 2011 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ƙaddamar da gasar YouWiN. Kusan mutum 24,000 suka nema a zagayen farko, aka zaɓi 1,200, kowanne ya samu abin da ya kai kimanin dala 50,000 a matsakaici, ana biyansu kashi-kashi. Abin da ya sa gasar ta yi suna a wajen masana shi ne, wani ɓangare na waɗanda suka ci ƙuri'a ce ta fitar da su daga cikin waɗanda suka tsallake tantancewa, don haka aka samu damar gwada su da takwarorinsu da ƙuri'ar ba ta faɗo kansu ba. David McKenzie na Bankin Duniya ya bi diddiginsu shekaru, ya tarar waɗanda suka samu kuɗin sun fi ɗorewa a kasuwa, sun kuma fi kaiwa ga ɗaukar ma'aikata 10 ko fiye. Ba kamfanonin fasaha kaɗai ke ciki ba, akwai manoma da masu ƙananan masana'antu, amma darasin ya shafi kowa: kyauta mai kauri, da aka biya a kan ƙa'ida, tana tayar da kasuwanci.

Matsalar ita ce kyautar yanzu ba ta da wannan kaurin. Asusun ƙirƙirarriyar basira (AI) da ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin minista Bosun Tijani ta sanar a 2024 tare da Google naira miliyan 100 ne gaba ɗaya, na kamfanoni 10, kowanne har miliyan 10. Shirin iHatch na NITDA da JICA ya fi ƙarfi wajen horo da haɗa mutum da masu ba da shawara fiye da kuɗi a hannu. A wajen gwamnati, Gidauniyar Tony Elumelu tana ba da dala 5,000 tun 2015, kuma dubban ɗaruruwa ke nema daga duk Afirka. Ka auna wannan da kashe-kashen kamfanin manhaja. Albashin ƙwararren mai rubuta manhaja ɗaya zai iya lashe miliyan 10 kafin shekara ta zagayo. Hayar rumbun ajiyar bayanai da dala ake biya. Apple na karɓar dala 99 duk shekara kafin manhajarka ta zauna a kasuwarsa, Google dala 25 sau ɗaya. Dala kuwa da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya rubuta kasafinsa kafin wannan faɗuwa, aka biya shi bayanta, kashi ɗaya cikin uku na abin da ya lissafa ya iya saya.

Akwai kuma wata illa da ba a cika faɗa ba, ita ce ta fi damuna. Na ga matasa masu basira da suka koma 'yan gasa. Sun ƙware a tsara jawabi, sun san kalmomin da alƙalai ke so, yau suna Abuja, gobe Legas, hotunansu da katon allon cek sun cika Facebook, amma an yi wata 6 ba su zauna da kwastoma ɗaya ba. Alƙalin gasa ba shi ne zai sayi kayanka ba. Ra'ayina, kyauta ta dace da wanda ke son amsa tambaya ɗaya tak: shin mutane za su biya? A nemi biyu ko uku da suka yi daidai da aikin, a cika, a koma kasuwa. Duk wanda kuma ya ce ka turo kuɗi don ya sa sunanka a jerin masu cin tallafi, ɗan damfara ne, komai kyan tambarin da ya liƙa a takardarsa.

Rance ne ya fi buƙatar a zauna a kansa, domin shi ya fi kama da alheri, shi kuma ya fi jefa mutane cikin wahala. A takarda yana da daɗi ƙwarai. Rancen gwamnati da ke bi ta Bankin Masana'antu, wato BOI, ko irin shirin AGSMEIS da aka riƙa bayarwa ta bankin NIRSAL, ruwansa bai cika wuce kashi 9 cikin 100 ba. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34, ma'aunin ruwa na Babban Banki yana kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuma suna ba ƙananan 'yan kasuwa a wajen kashi 30 ko sama. Ɗauki misalin naira miliyan 5 da za a biya cikin shekara 3. A kashi 9, biyan wata zai kama kusan naira 159,000. A kashi 30 zai kai wajen 212,000. Bambancin ba ƙarami ba ne, kuma idan farashi na tashi fiye da ruwan da ake cajinka, kuɗin da za ka mayar bai kai darajar wanda ka karɓa ba. Ga mai injin niƙa ko mai gidan burodi, wannan garaɓasa ce.

To amma mai injin niƙa ya san ran da ya kunna inji kuɗi zai shigo. Ɗan ƙanwata yana da mutum 6 masu biyan naira 3,000 a wata, jimla 18,000. Daga ina 159,000 za ta fito? Ko an ba shi rangwamen wata 6 kafin ya fara biya, wata na 7 zai zo. Sabon kamfanin fasaha gwaji ne, kuma yawancin gwaje-gwajen ba sa kaiwa gaci, har a ƙasashen da ke da wuta da intanet ba yankewa. Idan kamfanin da ya ci kyauta ya mutu, mai shi ya karkaɗe rigarsa ya fara wani. Idan na rance ya mutu, bashin yana nan da ransa. Kuma manhaja ba jingina ba ce. Banki ba zai iya ɗaukarta ya yi gwanjonta ba, shi ya sa zai nemi takardar fili ko mai tsaya maka, wanda galibi mahaifi ne ko yaya ma'aikacin gwamnati. Nan ne asarar kasuwa ke komawa rigimar gida.

Wasu za su ce ai rancen gwamnati ba a biya, rabonka ne na arzikin ƙasa. Wannan tunani ya yi ɓarna a shirin rancen manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, kuma yanzu ba ya ma fisshe mutum. Tun watan Agustan 2020 Babban Banki ya kawo tsarin GSI, wanda ke ba mai bin bashi damar cire kuɗinsa daga duk wani asusu da ke ɗauke da lambar BVN ɗinka a kowane banki. Mutane da dama da suka ci rancen lokacin korona sun wayi gari sun ga an zare musu kuɗi. Sunanka kuma zai shiga rajistar masu taurin bashi, ranar da babban mai zuba jari ya zo binciken kamfaninka zai gani. Balle ma bashi amana ce, ko babu mai bibiya. A ƙara da cewa tun da Olayemi Cardoso ya karɓi Babban Banki a 2023 ya janye shi daga irin waɗannan rance na kai tsaye, don haka ƙofofin da aka sani a da ba duka ke buɗe ba.

Sai batun ruwan kansa. Kashi 9 ko kashi 30, ga wanda ya tsaya a kan haramcin riba duk ɗaya ne, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum ya gina arzikinsa a kan abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba. Akwai bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa: Jaiz tun 2012, TAJ tun 2019, Lotus tun 2021. Sai dai a san yadda suke aiki. Mafi yawan abin da suke yi murabaha ce, su sayo maka kaya su sayar maka da riba sananniya, ka biya a hankali. Wannan ya dace da mai buƙatar kwamfutoci, na'urorin POS, babura ko farantan sola. Bai dace da wanda buƙatarsa albashin wata 12 ba ce, don babu kayan da za a saya a sayar.

Saboda haka rance yana da ranarsa, amma ba ranar farko ba ce. Idan makaranta ta sa hannu za ka haɗa mata na'urori 200, kuɗin sayo su ne babu, kuma ka san ranar da za a biya ka, to rance mai sauƙi ya fi sayar da kason kamfani nesa ba kusa ba.

Hannun jari kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sunan ne kawai ya sauya. Maigida a Kwari ya ba yaronsa jari a raba riba, ko mutum ya ba Bafulatani kiwon saniya a raba 'ya'ya, duk tushen ɗaya ne: in an samu a ci tare, in an rasa a yi haƙuri tare. Malaman fiƙihu suna kiransa musharaka ko mudaraba gwargwadon yadda aka tsara. Ga kamfanin da ba shi da tabbas, wannan ne kuɗin da ya yi daidai da halinsa, don ba mai ƙwanƙwasa maka ƙofa ƙarshen wata.

Babban shirin gwamnati a wannan fanni shi ne iDICE, wanda Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a watan Maris na 2023, na sama da dala miliyan 600. Bankin Raya Afirka ya sa miliyan 170, Bankin Raya Ƙasashen Musulmi miliyan 70, hukumar raya ƙasashe ta Faransa ta sa nata, ana sa ran sauran daga BOI da 'yan kasuwa, kuma BOI ke gudanarwa. Abin da mutane ba su gane ba shi ne, ɓangaren jarin ba layi ake bi a ofishin gwamnati a karɓa ba. Gwamnati tana zuba kuɗin ne a asusun ƙwararrun masu zuba jari, su kuma su zaɓi kamfanoni. A ƙarshen 2025 aka sanar da iDICE ya shiga asusu na biyu na Ventures Platform, kamfanin zuba jari da Kola Aina ya kafa a Abuja. Ni ina ganin wannan tsari ya fi hankali, domin wanda ya haɗa kuɗinsa da na gwamnati ba zai ba ɗan gidan wane don alfarma ba. Amma yana nufin ma'aunin da za a ɗora ka a kai na 'yan kasuwa ne zalla. Ba ruwansu da cewa kai matashi ne mai buƙata. Tambayarsu ita ce, wannan kamfani zai iya ninka kansa sau 20 ko 50?

Me ya sa suke neman irin wannan ninki? Don sun san a cikin kamfani 10 da suka sa wa kuɗi yawanci za su mutu, ɗaya ko biyu ne za su biya asarar sauran. Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Najeriya, ne misalin da kowa ke kawowa: ya shiga shirin Y Combinator na Amurka mai renon sababbin kamfanoni a 2016, kamfanin Stripe ya saye shi a 2020 a kan abin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. Idan kasuwancinka na gina wa makarantu shafin intanet ne, yana ciyar da mutum 8 cikin rufin asiri, kasuwanci ne mai albarka, amma ba irin wanda suke nema ba ne. In ka karɓi kuɗinsu za su matsa maka ka yi gudun da ƙafarka ba za ta ɗauka ba.

Ga lissafin da na yi wa yaron a bayan ambulan. Wani ya ba ku naira miliyan 20 ya karɓi kashi 20, ke nan ya yi wa kamfanin kuɗi miliyan 100. Ku uku kun koma da kashi 80. Zagaye na biyu aka sake sayar da kashi 20, kun koma 64. Na uku, 51 da ɗoriya. Wannan idan komai ya tafi daidai ke nan. Wanda ya sayar da kashi 40 tun ranar farko saboda matsuwa, manyan masu zuba jari sukan guje shi daga baya, don suna tsoron mai kamfanin da kasonsa ya ƙanƙance zai karaya. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: rahoton wata-wata, kujera a majalisar gudanarwa, neman izini kafin manyan shawarwari. Na waje sukan ce sai an yi wa kamfanin uwa a jihar Delaware ta Amurka, abin da ke zuwa da kuɗin lauya da haraji a dala. Kada kuma a ɗauka duk takardar da aka kira hannun jari ta tsira daga riba. Akwai wadda rance ce mai ruwa da za ta rikiɗe ta zama kaso daga baya, akwai mai sharaɗin cewa in an sayar da kamfani mai jari ne zai fara kwashe nasa. A kai takardar wurin lauyan da ya san harkar, a kai ta wurin malamin da ya san mu'amala, kafin biro ya taɓa ta.

Gaskiya ɗaya mai ɗaci ita ce yawancin masu wannan kuɗi a Legas suke, kuma mutum ya fi sa jari a wurin wanda ya sani. Amma ƙofar ba a kulle take ba. Sudo Africa, kamfanin fasahar kuɗi wanda matasa daga Kaduna suka kafa, ya tara dala miliyan 3.7 a 2022. Cibiyoyi irin su CoLab a Kaduna da Startup Kano sun zama wuraren da ake haɗuwa da masu irin wannan hanya. Akwai ma abin da muke da shi wanda na Legas ba su da shi: mun san yadda ɗan kasuwar Dawanau ke ba da bashi, mun san harshen da zai karanta a waya, mun san abin da zai sa ya yarda da manhaja ko ya watsar.

Da muka gama, na tambayi yaron abu uku: nawa ke shigowa duk wata ba tare da roƙo ba, me zai saya da kuɗin, kuma in abin ya rushe wa zai biya. Amsa ta farko 18,000, ta biyu albashi da data, ta uku mahaifiyarsa, don takardar gidanta ce kaɗai jinginar da ke akwai. Ya rufe shafin rancen da kansa. Na masu zuba jari kuma muka ajiye shi, don da masu biya 6 duk wanda zai saya da arha zai saya. Muka tsaya a kan su mayar da rajistarsu ta zama cikakken kamfani, su rubuta kason kowa a cikin su uku tun ana dariya, su buɗe asusun kamfani daban, su nemi shaidar NITDA, su cika gasar tallafin guda ɗaya. Sauran kwanakin mako kuma a kasuwa za su yi su, rumfa-rumfa, suna tambayar mutum 34 ɗin nan da ke amfani da manhajar kyauta me zai sa su fara biya.